Tsohuwar amfilifayar jita ko ta zamani: wacce ta fi daɗin sauti?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina kaɗa jita a wata ƙungiya, yawanci a wuraren biki, jefi-jefi kuma a situdiyo. An kawo mini wata tsohuwar amfilifaya (na'urar ƙara sautin jita) mai bawul ta gwanjo, kuɗinta ya ninka na sabuwa mai kwamfuta a ciki. Mai sayarwa ya rantse babu ta zamani da za ta kama ƙafarta wajen daɗin sauti. Gaskiya ne, ko zaƙin baki ne na ciniki? Daga wani mai karatu a Jos.

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Mai sayarwar bai yi ƙarya gaba ɗaya ba, amma bai gaya maka inda bambancin yake ba, kuma nan ne kuɗinka zai tafi.

Bawul wata 'yar kwalba ce da aka zuƙe iskar cikinta, irin ta tsofaffin akwatunan rediyo. Idan ka kunna, za ka ga cikinta ya yi ja kamar garwashi, sai ka ɗan jira ta yi ɗumi kafin sauti ya fito. A kan irinta aka gina amfilifayoyin da har yau ake auna sauran da su: Fender Bassman ta 1959, da Vox AC30 ta Ingila, da Marshall JTM45 ta 1962, wadda Jim Marshall da mutanensa suka kwaikwayo tsarin Bassman suka haɗa a Landan, da Deluxe Reverb da Twin Reverb waɗanda Fender ta fitar a 1963.

Sirrinsu yana bayyana ne lokacin da aka matsa musu. Kowace amfilifaya tana da iyakar abin da za ta iya ɗauka. Bawul idan ta kusa iyakarta ba ta yankewa farat ɗaya. A hankali take lanƙwasa sautin, ya yi kauri, ya ɗan yi dishi-dishi mai daɗi, kamar muryar mawaƙin da ya daɗe yana rerawa har ta nuna. Ka shafa tsirkiya a hankali, sauti ya fito garau. Ka ɗan ƙara ƙarfin hannu, ya fara gurnani, ba tare da ka taɓa maɓalli ko ɗaya ba. A yawancin tsofaffin akwai wata bawul da ke tace wutar da ke shiga, kuma idan ka buga da ƙarfi wutar takan ɗan sassauta na ƙiftawar ido sannan ta dawo, sai sautin ya lotsa ya kumburo. Wannan abu a yatsu ake jin sa fiye da kunne. Shi ya sa makaɗi zai rantse akwai bambanci, alhali mai rawa a tsakar fili bai ji komai ba. Kuma duka biyun gaskiya suka faɗa.

Tiransista, 'yar na'urar lantarkin da ta maye gurbin bawul, a farkon zamaninta ba ta da wannan haƙurin: da ta kai iyaka sai ta tsage da ƙara mai kartar kunne, daga nan ta yi baƙin jini. Amma kada ka yi musu kuɗin goro. Roland JC-120 da ta fito a 1975 tiransista ce zalla, kuma wajen sauti mai tsabta, wanda kowace tsirkiya ke fita daban, har yau manyan makaɗa na neman ta. Idan kiɗanka irin na hailaif ne ko na jitar Agadas mai saurin yatsu, wannan tsabtar tana iya fi maka amfani.

Masu kwamfuta kuwa kwaikwayo suke yi. Kamfanin Line 6 ya fitar da wata na'urar kwaikwayon amfilifaya mai suna POD a 1998, kuma a lokacin kunne yana gane na kwaikwayo nan take. Kemper ta zo a 2011 da na'urar da ke sauraron amfilifaya ta gaske ta kwafe halinta. Yanzu abin ya kai idan aka naɗi sauti aka haɗa shi da ganga da murya, ƙwararru ma sukan yi ta canki-canki. Fender da kanta ta fitar da Twin Reverb mai kwamfuta a 2019, mai nauyin kilo 15, alhali mai bawul tana kai kilo 29. Wanda ya taɓa ɗora ta a Keke Napep da dare bayan an tashi daga biki ya san darajar wannan kilo 14.

Abin da na fi so ka riƙe shi ne, tsohuwar da aka kawo maka ba lalle ne tana fitar da sautin da ta fitar a ƙuruciyarta ba. An sha kawo mini irinsu. Ka kwance bayanta ka tarar da ƙura ta yi kafet, gizo-gizo ya yi saƙa, kafasitocin, wato 'yan gwangwanayen da ke adana wuta, sun kumbura sun bushe, takardar lasifikar ta yi laushi ko an manne ta da gam. Irin wannan sai ƙugi da raunin murya, mai ita kuwa yana cewa ai daɗin tsufa ne. Lasifika ma ita ce kusan rabin sautin. Ka haɗa tsohuwar amfilifaya da lasifika marar kyau, ta zamani mai araha za ta kayar da ita.

Ga kuma batun wuta. Wadda aka yi wa kasuwar Amurka bolt 110 zuwa 120 take ci, tamu kuwa 230 ce. Na ga wadda aka soka kai tsaye a soket, kafin a ce kwabo ɗakin ya gauraye da ƙaurin taransifoma. Wutar janareta mai hawa da sauka ma tana gajiyar da bawul, kuma samun sabuwa a kasuwanninmu sai an sha wuya. Don Allah kada ka sa hannu a cikinta ko da a kashe take, domin kafasitocinta na iya riƙe bolt sama da 400.

Kafin ka biya, ka gwada su haka. Jita ɗaya, waya ɗaya, ka daidaita ƙarar su biyun ta zama ɗaya, domin kunne kullum yana zaɓen wadda ta fi ƙara. Ka juya baya, abokinka ya riƙa sauya maka ba tare da ya faɗa ba. Ka kaɗa a hankali, ka kaɗa da ƙarfi, ka rage murya daga jikin jitar ka ji ko gurnanin ya washe. Sannan ka bar mai bawul ɗin a kunne rabin awa, ka saurari ƙugi ko tartsatsi.

Ni dai da ni ne kai, mai yawon biki da janareta, ta zamani zan saya, irin su Boss Katana, in sa ragowar kuɗin a sitabilaiza da tsirkiyoyi masu kyau. Idan aikin situdiyo ya yi yawa nan gaba, sai ka nemi ƙarama mai bawul, wat 15 zuwa 22. Babba kamar Twin mai wat 85 ba ta fara wannan dishin sai ƙararta ta kori kowa daga ɗaki. Idan kuma zuciyarka ta riga ta kwanta da tsohuwar, ka je da mai gyaran da ya san bawul ya buɗe ta a gaban mai sayarwa, a cire kuɗin gyara daga farashin.