Me ya sa mutum ke haki in ya je gari mai tudu?

Malam, haki a gari irin La Paz ta Bolibiya, mai tsayin wajen mita 3,600, ba abin mamaki ba ne. Iskar can ba ta da kauri, oksijin sai ya ragu a jini, wasu 'yan ƙwayoyi a jijiyar wuya su gane nan take su sanar da ƙwaƙwalwa, shi ne numfashi da bugun zuciya ke ƙaruwa. In aka kwana biyu ƙoda ke karɓar aikin, ta saki wani sinadari mai suna EPO, wanda ke sa ɓargo ya ƙara yin jajayen ƙwayoyin jini masu ɗaukar oksijin. Gano yadda ƙwayoyin jiki ke auna oksijin ne ma ya ba wasu masana kimiyya uku, Kaelin, Ratcliffe da Semenza, kyautar Nobel a 2019. Amma fa in ciwon kai da amai suka tsananta, a sauko kawai.