Haƙƙin riƙe bindiga a Amurka: lafazi ake bi ko nufin waɗanda suka rubuta?

Ɗan'uwa, ka tambaya ko alƙalan Amurka lafazin tsarin mulki suke bi a kan haƙƙin riƙe bindiga, ko kuwa nufin waɗanda suka rubuta shi. Ai jimlar ce kanta mai harshen damo. Gyara na Biyu na tsarin mulkin, wanda aka amince da shi a 1791, ya fara da cewa rundunar mayaƙan sa-kai mai tsari wajibi ce ga tsaron ƙasa, sannan ya ce kada a tauye haƙƙin jama'a na mallakar makamai da ɗaukarsu.

A shari'ar Heller ta 2008, Kotun Ƙoli ta soke dokar birnin Washington da ta hana ajiye ƙaramar bindiga a gida, da rinjayen alƙalai 5 a kan 4. Mai shari'a Scalia, wanda ya rubuta hukuncin masu rinjaye, ya ce rabin farko na jimlar dalili kawai ya bayyana, bai taƙaita haƙƙin ba. Abin da ya bi shi ne yadda mutanen wancan zamani suka fahimci kalmomin, har tsofaffin ƙamusoshi ya buɗe. Mai shari'a Stevens kuwa, wanda bai yarda da hukuncin ba, nufin ya kama: marubutan suna tsoron gwamnatin tarayya ta ƙwace makaman mayaƙan jihohi ne. Ka ga duk su biyun tarihi suka kafa hujja da shi.

Ni hujjar Stevens ta fi kwanta mini, don ba a rubuta rabin jimla a banza. Abin da ya fi damuna shi ne hukuncin Bruen na 2022, da ya ce sai dokar bindiga ta yau ta sami makamanciyarta a tarihin ƙasar. A 2024, a shari'ar Rahimi, sai da kotun ta sassauta kafin ta tabbatar da hana bindiga ga wanda kotu ta nisanta da iyalinsa saboda barazana.