Me yasa bama sako hanyar keke miƙe daga saman dutse

Toh ƙanina, naga saƙonka. Kace in fahimtar dakai dalilin da yasa kullum nake hana a sako hanya miƙe daga saman tsauni zuwa ƙasa, alhali masu keken dutsen nan gudu suke nema, kuma miƙaƙƙiyar hanya tafi gajarta, haƙan ma zai ragu sosai. Naji daɗin tambayar nan wallahi, don yaron da baya tambaya diga kawai zai iya riƙewa, bazai taɓa iya fitar da hanya da kansa ba.

Ruwa ne dalili. Duk wani abu da zan faɗa maka a ƙasa daga nan ya taso. In aka yi ruwan sama akan tsauni, ruwan yana saukowa ne a baje, siriri siriri ta cikin ciyawa da ganye da saiwoyi, bashi da ƙarfin ɗaukar komai. Ranar da ka haƙa hanya ta bi daidai inda ruwan yake son bi, ka tattara masa kansa waje ɗaya kenan, ka share masa ciyawar dake rage masa gudu, hanyarka ta zama indararo. Yana tafiya yana ƙaruwa, yana ƙaruwa yana ƙara gudu, ya kwashe lallausar ƙasa tukuna, sannan tsakuwa, sai kaga ɗan rami ya fito a tsakiya, masu keke su fara kauce masa suna bin gefe, gefen ma ya mutu, hanyar da ka yi faɗin taku ɗaya ta koma faɗin mota kuma babu mai jin daɗin hawanta. Ga birki kuma, gangara in tayi tsanani dole mutum ya danne birki, tayar baya ta riƙa jan ƙasa tana tugeta, ruwa na zuwa ya tarar an riga an sassauta masa ita. Kuma irin wannan hanyar bata gyaruwa, ko ka cike ramin babu gefen da zaka kora ruwan ya fita, tunda hanyar ce tafi ko'ina ƙasa.

Shi yasa muke ratsa jikin dutsen a kaikaice. Akwai ƙungiyar masu keken dutse ta duniya, IMBA, da aka kafa a Kalifoniya ta Amurka a 1988 lokacin da hukumomi suka fara rufe wa masu keke hanyoyi, su suka tattara ƙa'idojin da yawancinmu muke aiki dasu yau, kuma wadda nafi so ka haddace itace ta rabi. Ka auna gangarar jikin dutsen kanta, gangarar hanyarka kada ta wuce rabin wannan. In jikin dutsen kashi 20 cikin 100 ne, hanyarka ta tsaya a kashi 10 ko ƙasa da haka. Da ka wuce rabi ruwa zai daina tsallake hanyar, ya juya ya bita. Inda yara suka fi faɗawa tarkon nan ba wajen tsananin gangara bane, wajen da ƙasa take kwance kwance ne, jikin tudu kashi 6 kacal, ka fitar da hanya mai kashi 5 kana ganin ai wannan wasa ce, alhali ka riga ka karya ƙa'ida. Sannan in ka haɗa hanyar gaba ɗaya daga sama har ƙasa, matsakaicin gangararta ya zauna wajen kashi 10, wato duk mita 10 da ka tafi ka sauka mita 1. Wani ɗan guntu zai iya kaiwa 15 in ƙasar wajen mai ƙarfi ce.

Kuma dan Allah kada ka yarda da idonka. Ido yana ƙarya akan dutse, musamman in ka gaji. Kilinomita, abin auna gangarar nan dake rataye a wuyanka, don amfani aka baka, ka tsaya da abokin aikinka a waje mai lebur ka gane inda idonka ya faɗa a jikinsa, goshi ne ko hanci, in ya matsa gaba wajen zaka riƙa saitawa kullum. Layi biyu ne a ciki, ɗaya digiri ɗaya kashi cikin ɗari, kada ka rikita su, don digiri 45 shine kashi 100, wanda ya karanta 10 a layin digiri yana zaton kashi ne ya kusa ninka gangarar bai sani ba.

Yanzu maganar gudu da kace, nan nafi so ka natsu. Mai keke bai damu da yawan saukar da yayi ba, abin da yake nema shine jikinsa ya riƙa tafiya ba tare da yana matse birki ba, ya sauka ya ɗan hau, ya karkata hagu ya karkata dama. Toh abin daɗin shine abin da ruwa yake buƙata shine dai abin da mai keke yake so. Duk bayan mita 6 zuwa 15 muna juya gangarar, hanya tana sauka sai ta ɗan ɗaga sama kaɗan sannan ta cigaba da sauka, a wannan ɗan kwarin ruwa dole ya fita tunda bazai hau tudu ba, kaga ka yanka doguwar hanya ta zama gajeru gajeru, kowane guntu da ɗan ruwansa da bai isa yin ɓarna ba. Shi kuma mai keke wannan hawa da saukan ne yake danna keken a ciki ya samu gudu ko feda bai taka ba. Ka duba A-Line dake Whistler a Kanada, da wuya ka samu hanyar gangara da tafi ta suna a duniya, ba tsananin gangara ya ɗaukaka ta ba, kwana kwana ne masu jingina, wato waɗanda aka ɗaga musu bakin waje, da wuraren tsalle da aka jera yadda ɗaya ke miƙa ka ga ɗaya. Miƙaƙƙiyar hanyar da kake so minti biyu an gama, hannu ya ƙage akan birki, wannan kuwa tsaunin ɗaya ne amma mutum ya daɗe yana morewa.

Na san zaka ce ai kaga bidiyon wuraren da ake sakowa kamar bango. Gaskiya ne akwai. A Mowab ta jihar Yuta a Amurka hanyar Slickrock akan dutsen yashi tsantsa take, taya tana kama shi sosai kuma ruwan shekara ɗaya ba abin da zai ɗauka a jikinsa. A tsaunukan arewacin Bankuba ta Kanada inda ruwa baya ɗaukewa, katako suka riƙa shimfiɗawa kamar tsani akan wurare masu laka. A dajin Coed y Brenin na Wales a Birtaniya dutse suka jera. Ka lura duk cikinsu babu wanda ya bar tsurar ƙasa a tsaye gaban ruwa. In muka iso inda babu makawa sai an yi tsananin gangara, ko don wani fa da ya tare ko don ana son waje mai wuya na ƙwararru, toh sai mu daɓe shi da dutse. Daga ƙasa ake farawa ana hawa sama, babban dutse na farko a binne shi sosai ya zama shine ya tokare sauran, kowane na gaba ya jingina dashi, a cusa ƙanana a tsakani a bubbuga, ka hau kai da ƙafa biyu ka yi rawa, in ya motsa ko kaɗan a tone a sake. Dutsen da mutum ɗaya zai ɗauka cikin sauƙi yawanci yayi ƙanƙanta.

Haƙan kansa ma akwai yadda nake so. Baƙar ƙasar sama mai ganye da saiwoyi a kwashe ta duka, ruɓewa take tana riƙe ruwa, sai ka kai ga ƙasa mai tauri ta ciki. Faɗin hanyar gaba ɗaya a yanke shi cikin jikin dutsen, banda dabarar nan ta a haƙa rabi a tara ƙasar da aka haƙo a gefe ace ta cike ɗaya rabin, wannan ɗorin zamewa yake ko ba daɗe ko ba jima. Ƙasar da ka haƙo ka watsa ta nesa can ƙasa da shebur, kada ka bar ta ta yi kunya a bakin hanya. Bangon da ya rage ta sama ka kwantar dashi kada ya tsaya a tsaye yana zubowa. Sannan fuskar hanyar ta ɗan karkata waje kamar kashi 5, a hanya mai faɗin santimita 60 bakin waje ya fi na ciki ƙasa da santimita 3 kenan, mai keke bazai ma ji ba amma ruwa zai ji. In kana shakka ka zuba ruwan gorarka a kai ka gani, ya tsallake ya fita ko ya miƙe ya bi hanya. Wajen daɓe kuma ka damƙi ƙasar a hannu, in ta dunƙule kuma ka taɓa da yatsa ta fashe toh lokacin yayi, in tana zubewa ta bushe, in tana fitar da ruwa tana manne maka a tafi ka bari sai gobe.

Kwana ita ce inda ake gane wanda ya iya. In ka bar mutum ya taho da cikakken gudu har bakin kwana, zai danne birki a waje ɗaya, na bayansa ma haka, kafin wata biyu wajen ya zama gargada. Sai ka sa hanyar ta ɗan hau sama kafin kwanar, tudun ya cinye masa gudun da kansa, ko ka matse wajen da manyan duwatsu biyu, kuma ka sare rassan da suka tare ido ya hango abin dake gabansa tun da nisa, don a hanyar da masu tafiya a ƙafa ma suke bi wannan maganar rai ce. Kwanar da aka gina mata jingina kuwa ciki take karkata, ma'ana tana tara ruwa, dole ka buɗe masa mafita kafin shigarta da kuma wajen fita, in ba haka ba tafki ka gina.

Abin da nake so dakai a satin nan, in hadari ya haɗo kada ka gudu rumfa, ka saka rigar ruwa ka ɗauki fartanya ka bi guntun da muka gama daga sama har ƙasa ana tsaka da ruwan, amma in da tsawa da walƙiya ka sauka daga tudu tukuna sai ta wuce. Duk inda kaga ruwa ya bi hanya fiye da taku goma bai fita ba ka kafa tuta, inda ya kwanta ma ka kafa, ka ɗauko min hoto. Yawanci zaka tarar tayoyi sun danne tsakiya bakin waje ya ɗan taso, wannan ka kankare shi nan take, sauran kuma ka bar su mu duba tare.