Amsa ga baiwar Allah da amai ya hana ta ko kurɓar ruwa

Sannu 'yar'uwa, Allah Ya ba ki lafiya, Ya raba lafiya. Na ga tambayarki: cikinki ya shiga wata na uku, ko ruwa kika kurɓa sai ya dawo, fitsari ya ragu ya yi ja, in kin miƙe jiri na ɗibarki, mutanen gida kuma suna cewa ki yi haƙuri laulayi ne, shi ne kike neman abin da za ki ci ya zauna. Wallahi sai da na ajiye wayar na share hawaye, don ta nan na bi a cikina na biyu.

Ki ajiye maganar abinci tukuna. Fitsarin nan shi ya tsaya min a rai, jikinki ne ya bushe. Mai cikin da ta kwana ta wuni ruwa bai zauna mata ba, ko ta yi kamar awa 8 ba ta yi fitsari ba, ko ta ga jini a amai, asibiti za ta, yau ba gobe ba. Wannan ya wuce laulayin da muka saba, matsanancin laulayi ne, likitoci na ce masa haifaremesis, kuma a cikin mata 100 masu ciki bai fi 1 zuwa 3 yake kamawa ba. Shi ya sa wadda ba ta taɓa yi ba ba za ta gane ki ba ko ta haifi goma.

Ni lokacin maigida yana aiki a wani gari, ina zaune a gidansu. Yayarsa ce ta sa ni a gaba. Kullum raki, kullum shagwaɓa, wai su da suka haihu suna daka suna surfe ba mata ba ne? Na roƙe ta da girman Allah ta matsar da murhu daga bakin tagata, don ƙamshin albasa a mai in ya shigo sai in ji hanjina zai fito. Ta kalle ni ta ce to sarauniya, a daina girki a gidan saboda ke. Ranar da abin ya kai maƙura a simintin banɗaki na kwanta, don nan ne kaɗai ke da sanyi. Leɓena ya tsage, harshe ya manne a ganda, ga gwangwanin madara a gefena na tofar da yawu, don yawun ma ba ya haɗiyuwa. Babu abin da ke fita sai wani ruwa rawaya mai ɗaci, daga baya har da zaren jini. Ɗana ƙarami ya tsaya a bakin ƙofa da kofi a hannu yana cewa Umma sha, ni kuwa ko kai na kasa ɗagawa. Yayar maigidana tana ji, tana tsakar gida tana waya tana dariya. Ta leƙo ta ce a kawo min jiƙo, ta koma. Maƙwabciyarmu ce, Allah Ya saka mata da Aljanna, ta shigo aron turmi ta gan ni, ta tsayar da adaidaita sahu ba ta nemi izinin kowa ba. A asibiti an sha wahala kafin a samu jijiyar da za a sa min ruwa, duk sun ɓace, hannuwana biyu suka yi baƙi da huji. Na ce na yafe wa yayar maigidana, amma har yau in na ji muryarta a biki gabana faɗuwa yake.

In kin je, ki faɗa musu komai, kada ki rage don kunya. Za su yi miki ƙarin ruwa da allurar tsayar da amai, akwai waɗanda aka daɗe ana ba masu ciki, kada wani ya tsorata ki cewa za su taɓa jariri. Ki tambaya ko sun haɗa miki da bitamin B1, don wadda ta daɗe tana amai yana ƙarewa a jikinta, rashinsa kuma yana iya taɓa ƙwaƙwalwa. A gwada maleriya da ciwon sanyi na fitsari, su ma suna sa amai. A yi hoton ciki, wani lokaci tagwaye ne. Ki hau sikeli: in da kina kilo 60 yanzu kin koma 57 ko ƙasa, ki nuna wa likita, wannan ramar tana cikin abin da suke dubawa. Maganin ƙarin jini na awo shi ma yana tayar da zuciya, ki tambaya ko za a dakatar miki da shi na ɗan lokaci ki ci gaba da folik asid.

Jiƙe-jiƙe da kanwa kuwa, don Allah ki rabu da su. Kowa zai zo miki da nasa.

Bayan an sallame ni, abin da ya riƙe ni ƙanƙara ce. Ina haɗa ruwan gishiri da sukari, ƙaramin cokali 6 na sukari shafe da rabin ƙaramin cokali na gishiri a lita ɗaya ta ruwa mai tsafta, ko in sayi na leda a kemis, in daskarar da shi in riƙa tsotsa. Kada ki ɗaga kofi ki kwankwaɗa, cokali-cokali za ki bi shi. Abinci mai sanyi ya fi shiga don ba ya tashin ƙamshi. Kankana, gasasshiyar masara, busasshen biskit kafin ki sauko daga gado, kunun tsamiya da ya huce. Citta ana yabonta, ni dai ƙona min ƙirji ta yi. In kin yi amai ki kuskure baki da ruwa, kada ki goge haƙora nan take, ni nawa sun ji jiki. Kuma in kina da ramuwar azumi kada ki ce yanzu za ki yi, Allah Ya yi miki sauƙi.

Abin da ya fi sanyaya min rai shi ne da na ji cewa a 2023 masana sun fitar da bincike a mujallar Nature, sun nuna wani sinadari ne mai suna GDF15 da mabiyiya ke fitarwa yake jawo wannan aman, jikin wasu matan bai saba da shi ba. Ashe ba ragwantata ba ce. Kate ma, matar Yarima William na Ingila, an kwantar da ita a asibiti a 2012 saboda shi, ita da ba ta daka ba ta surfe. Da ma yayar maigidana ta ji wannan.

Yawanci yana lafawa tsakanin mako 16 zuwa 20, wasu kuma har haihuwa, nawa sai da ciki ya tsufa ya sake ni. Yarinyata ga ta nan tana makaranta, lafiyarta ƙalau.

Ki kira maigidanki yanzu, ki ba shi wannan ya karanta, kuma ya shiga wurin likita da ke ya ji da kunnensa, don in daga bakinki ne za a ce ƙari kike. In ba ya gari ki kira mahaifiyarki ko maƙwabciya. Ki ɗauki katin awonki, zani biyu da robar amai. In an sa miki ruwan ki sa wani ya rubuto mana yadda kike, hankalina yana wurinki.