Layin da ke kunnen Baba: alamar ciwon zuciya ce?

Tambaya: Likita, barka da aiki. Daga Tawa nake. Babanmu shekararsa 58. Ƙanena ya gani a Facebook wai duk mai layi a naman ƙasan kunne zuciyarsa ta kamu. Muka duba, sai ga shi a kunnuwan Baba duka biyu. Tun ranar ban samu barci ba. Gaskiya ne?

Amsa: Ƴar'uwa, kwantar da hankalinki. Maganar tana da tushe, amma an ƙara mata gishiri.

Layin da ake nufi shi ne wanda ya ratsa naman ƙasan kunne a karkace, daga bakin ramin kunne zuwa gefen baya, kamar an ninke fatar. Wani likitan Amurka, Sanders Frank, shi ya fara bayyana shi a 1973, bayan ya gan shi ga mutum 20 masu ciwon ƙirji. Daga baya wani bincike a Danmak ya bi mutane kusan 11,000 har shekara 35, aka ga masu layin sun ɗan fi sauran kamuwa da toshewar jijiyoyin zuciya. Ana zaton idan ƙananan jijiyoyin jini suka tsufa, fatar wurin ke saki ta ninke.

To amma tsufa kaɗai ma yana kawo shi. Dattawa da yawa suna da layin, zuciyarsu garau. Wasu kuma kunnensu sumul, ciwon na ciki. Mata masu sa ƴan kunne masu nauyi ma sukan samu irinsa. Ni dai ban taɓa yanke hukunci da kunne ba.

Abin da zan so in sani game da Baba: yana da hawan jini ko ciwon sukari? Yana shan taba? Gishiri da Maggi fa a miyar gidan? Akwai wanda ciwon zuciya ya ɗauke da ƙuruciya a dangi? Waɗannan sun fi layin nauyi nesa ba kusa ba.

Ki raka shi ƙaramin asibiti (CSI) mafi kusa a auna tansiyo, wato hawan jini, da sukari. In kuwa yana jin nauyi a ƙirji idan ya yi tafiya, ciwon na gangarawa hannun hagu ko muƙamuƙi, ko numfashi na yanke masa, kada a jira gobe. A kai shi babban asibitin jihar Tawa a yi masa gwajin ECG, wato awon bugun zuciya da na'ura, in da buƙata su tura shi Yamai wurin likitan zuciya.