Tambayoyinku: Katin memori mai terabayit 2 a naira dubu biyar?

Tambaya: Malam, yaya ɗan katin memori da bai fi farce ba yake ɗaukar terabayit guda, wato gigabayit dubu? Daga wani ɗalibi a Zariya.

Amsa: Aikin fasahar nano ne. Nanomita kashi ɗaya ne cikin biliyan na mita, kaurin silin gashinka ya kai nanomita 80,000. An yi ta ƙanƙanta ɗakunan da ke riƙe bayanai har wajen nanomita 15, sai cajin lantarkin da ke cikinsu ya fara yoyo zuwa maƙwabta. Da fili ya ƙare aka koma gina bene. Samsung ya fito da mai hawa 24 a 2013, SK hynix na Koriya ta Kudu ya kai hawa 321 a 2024, yanzu ana harin hawa 1,000. Ɗakin da yake riƙe bit 1 (ma'aunin bayani mafi ƙanƙanta) a da kuma, yau ana cusa masa 3 ko 4.

Tambaya: Na sayi memori an rubuta 2TB (terabayit 2) a jiki, naira dubu biyar. Yanzu hotunan bikin ƙanwata sun ƙi buɗewa. Daga wata baiwar Allah a Maraɗi.

Amsa: Haba Hajiya! Araha ba ta ado. Wannan abu yana ƙona min rai, kusan kowane mako sai an aiko min da irinsa. Lokacin da SanDisk ya fara sayar da katin terabayit 1 a 2019, dala 450 ne kuɗinsa. Ke kuma kin samu ninkinsa da kuɗin cefanen yini guda, ko gabanki bai faɗi ba?

Abin da ke hannunki ƙaramin kati ne, watakila gigabayit 8 ko 16, aka taɓa manhajar cikinsa ta riƙa yi wa waya ƙarya. Da ainihin wurin ya cika, sabon fayil ya hau kan tsoho ya shafe shi. Suna yana nan, ciki fanko. Waɗannan hotuna sun tafi, ki roƙi mai hoto ko dangi su turo miki.

Ni duk katin da na saya, kafin hoto ɗaya ya shiga sai na sa shi a kwamfuta, manhajar gwajin kati mai suna H2testw ta cika shi ta karanto, in ga ainihin girmansa. Kyauta ne. Hoton biki kuwa, ajiye shi wuri biyu, ɗaya a Google Photos.

Tambaya: Babban memori zai ƙara wa wayata sauri?

Amsa: A'a. Wancan aikin RAM ne, wato memorin cikin waya da manhajoji ke amfani da shi lokacin da suke aiki. Goge manhajojin da ba ka amfani da su.