Motar Japan ko ta Koriya: wacce ta fi dacewa da iyali?

Tambaya: Ina da iyali, kuma ina son sayen mota 'yar Kwatano. Shin in ƙara kuɗi in sayi Toyota Camry, ko kuwa in tsaya a kan Hyundai Sonata da ta fi araha? Daga wani mai karatu a Zariya.

Amsa: Malam, kamfanonin Koriya ta Kudu sun yi nisa wajen inganci, har Hyundai ya daɗe yana ba da garantin shekara 10 a kan inji a Amurka, sai dai wannan garantin ba ya biyo motar da aka shigo da ita hannu na biyu. Abin da ya fi damuna shi ne injin da ke cikin wasu Sonata mai suna Theta II, domin a shekarar 2015 kamfanin ya nemi a mayar masa da Sonata ƙirar 2011 da 2012 don gyara, saboda ɓurɓushin ƙarfe da ke hana baƙin mai zagayawa yadda ya kamata, wanda kan sa inji ya ƙwanƙwasa ko ya tsaya cak. Idan wannan ƙirar aka nuna maka, ka sa a bincika lambar shasi don a tabbatar an yi mata gyaran.

Camry ta fi tsada, amma kayan gyaranta suna nan birjik a Ƙofar Ruwa ta Kano da Fanteka ta Kaduna, kusan kowane bakanike ya san ta, kuma darajarta ba ta faɗuwa sosai ranar da za ka sayar. A ganina, idan kana yawan tafiya ƙauye, ka ƙara kuɗin ka ɗauki Camry.